Tauraron da ya yi shiru shekara 24, wani mutum bai daina leƙa shi ba

 Yau na ajiye maganar zaɓe da tsadar rayuwa, sama za mu kalla. Ku ba ni minti biyar.

Akwai wani abu a sararin samaniya da masana ke kira GW Librae. A ido ɗaya ne, amma taurari biyu ne manne da juna, suna zagaye junansu cikin minti 77 kacal. Ɗayan farin wada ne, wato gawar tauraro irin ranarmu bayan makamashinsa ya ƙare. Girmansa bai wuce na duniyarmu ba, amma nauyinsa ya kusa na rana. Wannan wada yana zuƙar iskar gas daga jikin abokinsa, gas ɗin ya taru ya kewaye shi kamar faifai. In faifan ya cika ya yi zafi, sai haske ya tashi lokaci guda.

An fara ganin tashinsa a 1983. Daga nan shiru.

A 1998 Brian Warner na Jami'ar Cape Town da ɗalibarsa Liza van Zyl suka gano farin wadan nan yana bugawa. Haskensa na ƙaruwa yana raguwa duk bayan 'yan mintuna. Wannan ne karon farko da aka samu mai bugu a cikin irin waɗannan tagwaye. Me ya sa abin ya dami masana? Ka san yadda mai sayen kankana ke ƙwanƙwasa ta ya ji sautin cikinta? To, da bugun nan ne ake gane nauyin tauraro da zafinsa da abin da ke cikinsa.

Sai a watan Afrilun 2007 ya sake tashi, haskensa ya ninka sau dubbai. Wanda ya fara gani ba farfesa ba ne. Rod Stubbings ne, mutumin Ostireliya mai kallon taurari don sha'awa, da madubin hangen nesansa da idonsa. Ya sanar, manyan cibiyoyi suka juya na'urorinsu can.

Wallahi nan ne abin ya fi burge ni. Tashin ya ɗumama wadan har bugun da aka sani ya ɓace, masana suka shafe shekaru suna bin sa har da madubin Hubble suna kallon yadda yake hucewa. A al'ada farin wada miliyoyin shekaru yake ɗauka kafin ya huce haka.

Manyan madubai layi ake bi, ba mai ba ka dare dubu kana jiran tauraro ɗaya. Shi ya sa ƙungiyar AAVSO, tun 1911, take tattara rahoton masu sha'awa daga ko'ina. Yanzu ma ana dakon wani, T Coronae Borealis, da ya tashi a 1866 da 1946. Shi in ya tashi ko madubi ba ka buƙata, daga tsakar gida za ka gan shi na 'yan kwanaki.

Sai mun haɗu a shiri na gaba.