Abin da Zuciya Ta Haɗiye, Jiki Ke Biya
(Jawabin da aka gabatar a bikin zagayowar ranar kafa ƙungiya)



An tashe mu da cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Gaskiya ne, riƙe sirri mutunci ne. To amma akwai abin da idan aka haɗiye shi, ba ya narkewa: rasuwar ɗa, sakin wulaƙanci, dukan da aka sha tun ƙuruciya, daren da aka gudu daga gida saboda 'yan bindiga.

Ga yadda abin yake. Idan mutum ya firgita, jikinsa na sakin sinadaran adiranalin da kotizol. Zuciya ta ƙara bugu, jini ya hau, suga ya ƙaru a cikin jini, don a samu ƙarfin gudu. Haɗari na wucewa, komai ya lafa. Amma wadda abin ke dawo mata kullum, jikinta yana nan kamar murhun da ba a kashewa. Sai rashin barci, ciwon kai, faɗuwar gaba, ciwon wuya da kafaɗu, ciki ya ƙi abinci.

A Amurka, tsakanin 1995 da 1997, hukumar CDC da Kaiser Permanente sun yi nazari a kan mutum sama da 17,000. Sun gano cewa waɗanda suka fi shan wuya a ƙuruciya sun fi shiga haɗarin ciwon zuciya da na hanta bayan sun girma.

Kar ku ce na ce kowane ciwo damuwa ce. A'a! Mai hawan jini ta ci gaba da shan maganinta, mai ciwon ƙirji ta garzaya asibiti. Sai dai idan likita ya tambaya, a faɗa masa har da abin da ke cin rai. In abin ya yi nauyi, akwai asibitocin lafiyar ƙwaƙwalwa a Dawanau, Kaduna da Kware. Zuwa can ba hauka ba ne.

Mu kuma ga roƙona. Ranar zubin adashe, wadda kika ga ta yi shiru ta rame, ki ja ta gefe. Kar ki yi saurin ce mata "yi haƙuri". Ki bar ta ta faɗa, in kuka ne ta yi. Abin da kika ji kuma ya tsaya a wurinki, domin gulma ɗaya ta isa ta rufe bakin mace goma.

Allah Ya ba mu lafiya da zaman lafiya.