Tsohon da Ƙarfinsa Ya Ragu, da Masu Binciken da Ke Nemansa

 

Maganata ta yau a kan tsohon da ke gidanku ce, wanda ƙarfinsa ya soma guduwa. Kun san alamunsa. Ba ya tashi daga tabarma sai ya dafa bango, butar alwala ta yi masa nauyi, sallar da yake yi a tsaye ta koma a zaune. Mukan ce tsufa ne, mu wuce. Likitoci kuwa suna kiran wannan hali sakofeniya, wato zaizayewar tsoka da raguwar ƙarfinta. Wani masani ɗan Amurka, Irwin Rosenberg, shi ya raɗa mata sunan a 1989. Haɗarinta faɗuwa ne da karayar ƙugu, daga nan sai kwanciyar da mutum ba ya tashi.

Gane ta ba wuya. Akwai wata 'yar na'ura da ake matsewa da hannu: idan ƙarfin namiji bai kai kilo 27 ba, na mace bai kai 16 ba, an ga alama. Haka idan mutum ya haura daƙiƙa 15 kafin ya tashi daga kujera sau biyar ba tare da dafawa ba. Sai dai alƙaluman ƙarfin hannun daga hannuwan mutanen Birtaniya aka ɗauko su. A ganina, hannun uwar da ta shekara hamsin tana daka da jan guga ya cancanci a auna shi da mizanin mutanensa, kuma hakan ba zai samu ba sai an yi bincike a cikinmu.

Har yau babu wata ƙwaya ko allura da hukumomin magani suka amince tana warkar da wannan cuta. Ku riƙe wannan, domin masu tallar maganin ƙarfi a bakin tasha ba za su faɗa muku ba. Abin da aka tabbatar yana taimakawa shi ne motsa jiki mai sa tsoka aiki, da abinci mai gina jiki, irin su wake, gyaɗa, nono, ƙwai da kifi. Wani babban bincike da aka yi a ƙasashen Turai 11, a kan tsofaffi sama da 1,500 masu shekara 70 zuwa sama, wanda sakamakonsa ya fito a 2022, ya nuna cewa atisaye a kai a kai tare da shawarar abinci na rage yawan waɗanda tafiya ke gagara.

Samun tsofaffin da za su shiga irin wannan aiki shi ne babbar wahala. A Birtaniya an shirya gwada wasu magunguna biyu a kan mutum 440, amma 145 kaɗai aka samu. Dalilin a fili yake: wanda ake nema shi ne wanda zuwa asibiti ke yi wa wuya. Yana da hawan jini ko ciwon sukari da kan sa a cire sunansa, ba shi da mai rakiya, kuma bai ɗauki rauninsa a matsayin cuta ba. In haka ta faru a ƙasar da motar asibiti ke zuwa ƙofar gida, ina ga tsohuwar da sai an ɗora ta bisa babur? Sakamakon haka, a kan masu sauran ƙarfi ake gwada magunguna da yawa, sannan a rubuta wa raunana.

Na san abin da ke zukatanku. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a binciken da ya ƙunshi yara kusan 200. Iyaye suka yi ƙarar cewa ba a nemi yardarsu yadda ya kamata ba, aka yi shekaru ana shari'a kafin a sasanta da gwamnatin jihar a 2009. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu, kuma ba wanda zai ga laifinsa. Saboda haka ban zo in ce ku amince da duk mai farar riga ba. Na zo ne ku san abin da za ku tambaye shi.

Ku nemi ganin takardar izini daga kwamitin ɗa'ar bincike, domin Najeriya da Nijar kowace tana da nata, kuma izinin wata ƙasa ba ya aiki a ɗayar. A yi wa tsohon bayani da harshen da yake ji, a gaban shaidar da ba ma'aikacin binciken ba, kafin ya sa hannu ko ya dangwala yatsa, a kuma ba shi kwafin takardar. Ku tambaya ko za a ɗebi jini, sau nawa, ina za a kai shi, wa zai ɗauki nauyin jinya in wani abu ya faru. A wasu binciken ƙuri'a ake yi, wasu su sami maganin, wasu su sami ƙwayar da ba komai a cikinta, don a kwatanta. Wannan ba yaudara ba ce matuƙar an faɗa tun farko. Yana da ikon ficewa a duk ranar da ya so, kuma ba a hana shi maganin da ya saba karɓa saboda ya ƙi. Kuɗin mota haƙƙinsa ne, amma kyautar da ta yi girman da za ta rufe masa ido abin tuhuma ce.

Gare ku 'ya'ya, akwai abu mai nauyi. Matuƙar Baba ko Inna na cikin hankalinsu, yardar tasu ce, ba ta babban ɗa ba, ko da shi ke ciyar da gida. Iyayenmu kan ji kunyar cewa a'a a gaban likita. Ku koma gida, ku tambaye su a keɓe, ku ba su kwana biyu. Haka nan kada ku yanke musu hukuncin ƙi ba tare da sun ji ba.

Mu mazauna iyaka muna da tamu matsalar. Irin wannan bincike kan ɗauki watanni ko shekaru ana komawa awo, ga shi mun ga yadda aka rufe iyaka a 2019, aka sake rufewa a 2023. In tsohonku kan yi rani a gidan 'yarsa da ke ƙetare, ku faɗi haka tun ranar farko, ku ba da lambobin waya na ɓangarori biyu, ku tambayi inda zai je in hanya ta toshe. Ranar awo ku tafi da duk magungunan da yake sha, har da na gargajiya. Mai ciwon ƙoda kuma kada a ƙara masa nama ko wake sai da shawarar likita.