Bayan Sun Girma, Ina Za Su Dosa? Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya

 

An ba ni minti goma sha biyar, an kuma ce in yi magana a kan 'ya'yanmu masu buƙata ta musamman, wato makafi da kurame da guragu da masu raunin ƙwaƙwalwa. Zan taƙaita a kan gaɓa guda, wato lokacin da yaro ya fita daga ƙuruciya, ya kai munzalin neman abin kansa da aure.

Da yawa daga cikinmu muna tune da shekarar 2003, lokacin da aka dakatar da allurar rigakafin shan-inna a Jihar Kano saboda zargin da aka yi mata, ba a kuma ci gaba ba sai a watan Yulin 2004. Ban zo tayar da tsohuwar muhawara ba. A 2006 kaɗai sai da cutar ta kama yara fiye da dubu a Nijeriya, akasarinsu a nan Arewa. A watan Agustan 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa an kawar da ainihin ƙwayar cutar daga Afirka, aka yi murna, masu ba da tallafi da yawa suka karkata zuwa wasu ayyuka. To amma jariran da cutar ta shanye wa ƙafa a wancan lokaci suna nan da ransu. Yau sun kai shekara ashirin ko sun haura. Wasu suna Tiga, wasu suna Kwanar Dangora suna bin motoci, wasu kuwa suna can cikin ƙauyukan Riruwai, ba wanda ya san da su sai iyayensu.

Kada a ce gwamnati ba ta yi komai ba. A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar hana nuna wa naƙasassu wariya, a 2020 kuma aka kafa hukumar tarayya mai kula da al'amuransu. Dokar ta ba su ilimi kyauta har zuwa ƙarshen sakandare. Ta ce ma'aikatun gwamnati su ware musu kashi 5 cikin 100 na guraben aiki, gwargwadon iko. Ta ba da wa'adin shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a yadda mai keken guragu zai iya shiga, wa'adin da ya cika a Janairun 2024. Wanda ya nuna musu wariya kuwa, tararsa naira dubu ɗari ko ɗaurin wata shida, ko duka biyun. Tun 2017 hukumar JAMB ta yi wa makafi tanadi na musamman wajen jarrabawar shiga jami'a. A birnin Kano akwai makarantar Tudun Maliki ta makafi da kurame, a Jami'ar Bayero kuma akwai sashen da ke horar da malamansu.

Ina roƙon ku lura da abu biyu. Na farko, kusan duk abin da na lissafa a birni yake. Uban da ke noman masara a Doguwa, wanda sai ya ratsa dajin Falgore ya yi tafiyar sa'o'i kafin ya ga Ƙofar Nassarawa, wa zai gaya masa akwai dokar da ta ambaci ɗansa? Na biyu, alƙawarin da aka faɗa ƙarara ya tsaya ne a ƙofar fita sakandare. Daga nan sai kalmar nan ta "gwargwadon iko", kuma duk wanda ya yi aikin gwamnati a cikinmu ya san irin raƙumin da ake iya wucewa da shi ta wannan ƙofa.

Na gani a gidanmu. Ɗan ƙanwata kurma ne tun zazzaɓin da ya yi yana ɗan shekara uku. Muka kai shi birni ya yi karatu, ya iya rubutu, ya iya lissafi, ya ƙware a maganar hannu. Da ya gama ya koma gida, sai ya tarar duk garin ba mai iya zance da shi face mahaifiyarsa. Na ɗauki takardunsa na kai wani ofis sau huɗu. A zuwan ƙarshe wani jami'i ya dube ni da tausayi, ya zaro naira dubu biyu ya ce a ba yaron. Wallahi ban taɓa jin nauyin kuɗi irin na ranar ba. Shekara biyu yana zaune a ƙofar gida, har sai da wani tela a garinmu ya karɓe shi. Yanzu kekensa biyu, yana da yaron shago, bara kuma aka ɗaura masa aure. Telan nan bai taɓa jin labarin dokar 2019 ba.

Iyayenmu na da sun yi nasu tsarin. Akwai Sarkin Makafi, akwai Sarkin Guragu, masu raba gardama da kula da na ƙarƙashinsu. Sai dai a yi gaskiya, tsarin ya fi jingina da bara, samarin yanzu kuwa da yawansu sun ƙi ta. Hujjarsu a fili take. Malam Aliyu Namangi na Zariya makaho ne, amma har yau ana rera Imfiraji. Misbahu Lawan Didi, ɗan Kano da shan-inna ta taɓa, shi ya ƙirƙiro ƙwallon ƙafar guragu a 1988. Ƙungiyar waɗanda shan-inna ta shafa a Kano kuwa su da kansu suke ƙera kekunan guragu suna sayarwa.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, don haka ga abin da nake roƙon ƙungiya. Kafin taron baɗi, kowane reshe ya haɗa kai da dagatai da masu unguwanni a rubuta sunan kowane saurayi da budurwa mai naƙasa daga shekara 15 zuwa 25 a Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, da iyakar karatunsa, da sana'ar da yake so. A shiga har cikin gida, domin 'yan matan su aka fi ɓoyewa, musamman masu raunin ƙwaƙwalwa, su ne kuma suka fi shiga haɗari ranar da uwa ta kwanta dama. In babu wannan takarda, ko mun je gaban shugaban ƙaramar hukuma surutu kawai za mu yi.

Sannan mu da ke cikin ma'aikatu, duk ranar da aka buɗe ɗaukar aiki, mu miƙa sunayen a rubuce, mu ambaci kashi biyar ɗin nan, mu nemi amsa a rubuce. Masu shaguna a Kantin Kwari da Sabon Gari, da masu injin casar shinkafa a Tudun Wada, kowa ya ɗauki yaro guda ya koya masa. Daga asusun tallafin karatu kuma a ware gurbi biyu, ko da na kuɗin mota da kuɗin rajista ne.

Na bar wa sakatare samfurin takardar a kan tebur. Na rubuta mutum uku daga unguwarmu a layin farko. Shugabannin rassa su karɓi nasu kafin a tashi cin abinci.