Jawabi A Kan Masu Ƙaura Daga Unguwa Zuwa Unguwa Domin Makaranta

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, Mai ɗaukaka ilmi da ma'abotansa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Amma bayan haka, ya ku malamai iyayenmu, da ku almajirai 'yan'uwana, an tambaye ni a wannan majalisi game da magidancin da ya kwashe iyalinsa daga unguwarsu ya koma wata, domin 'ya'yansa su sami makaranta mai kyau. Shin abin yabo ne ko abin zargi? Na ga ya kamata in ba ku labarin ƙasar da wannan al'amari ya yi ƙarfi a cikinta, wato Amurka, sa'an nan mu auna.

Ku sani tafiya domin ilmi sunnar magabata ce. Jabiru ɗan Abdullahi, Allah ya yarda da shi, ya yi tafiyar wata guda domin hadisi ɗaya. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya tafi Agadas wurin malaminsa Jibrilu ɗan Umaru. Wannan babu saɓani a cikinsa. Amma su ɗalibi ne ke tashi, gida yana nan, unguwa tana nan da mutanenta.

A Amurka kuwa, galibin makarantun gwamnati kowace da iyakarta. Yaro yana shiga makarantar da gidan ubansa ya faɗa cikin iyakarta. Kashi babba na kuɗin makaranta kuma daga harajin gidaje da filaye na gundumar yake fitowa. Saboda haka inda gidaje suke da tsada haraji ya yi auki, makaranta ta sami malamai da littattafai. Da ta yi suna sai mawadata su yi rububin gidajen da ke kewayenta, gidajen su ƙara tsada, talaka ya kasa kama ko ɗaki. Unguwar da suka baro kuwa harajinta ya ragu, makarantarta ta ƙara lalacewa.

Ga misali da lissafinsa. A birnin San Antoniyo na jihar Teksas akwai gundumar Edgewood, mafi yawan mutanenta talakawa ne 'yan asalin Meksiko, akwai kuma Alamo Heights ta mawadata. Mutanen Edgewood suka aza wa kansu harajin dala 1 da santi 5 a kan kowace dala 100 ta ƙimar dukiya, abin da ya taru dala 26 ga kowane yaro. Na Alamo Heights suka aza santi 85 kaɗai, suka tara dala 333 ga kowane yaro. Da aka haɗa da taimakon gwamnatin jiha da ta tarayya, yaron Edgewood ya tashi da dala 356 a shekara, ɗayan 594. Ku duba, talaka ya fi ɗaukar nauyi, ya kuma fi samun kaɗan.

Wani uba, Demetrio Rodriguez, da waɗansu iyaye suka kai ƙara a shekara ta 1968. A 1973 alƙalan Kotun Ƙoli tara suka yanke, biyar suka rinjayi huɗu, cewa wannan tsari bai saɓa wa tsarin mulkin ƙasar ba. Mutanen Edgewood ba su fid da rai ba, har a 1989 babbar kotun Teksas ta ce tsarin ya saɓa wa dokar jiharsu, aka tilasta gyara.

Wanda ba shi da halin ƙaura fa? A 2011 a jihar Ohayo an ɗaure wata mace kwana tara, domin ta rubuta 'ya'yanta mata biyu a makaranta da adireshin gidan mahaifinta, alhali hukuma ta ce ba can suke zaune ba. Ba na halatta ƙarya, ƙarya haramun ce. Amma ina tambayarku, dokar da ta sa uwa ta zaɓa tsakanin gaskiya da karatun 'yarta, ina adalcinta?

To ga abin da na gani, Allah shi ne mafi sani. Uban da ya tashi domin tarbiyyar ɗansa bai yi laifi ba, domin ɗa amana ne, za a kuwa tambaye shi a kansa. Larabawa ma suna cewa a nemi maƙwabci kafin gida. Amma fitarsa ba ta sauke masa haƙƙin maƙwabtan da ya bari. Ilmantar da 'ya'yan jama'a nauyi ne a kan jama'a duka. Idan masu hali da masu baki suka watse, wa zai tsaya gaban hukuma ya ce rufin aji yana yoyo?

Kada ku ce wannan labarin nesa ne. A biranenmu mai hali ba ya ko tashi, sai ya cire ɗansa daga makarantar gwamnati ya kai shi ta kuɗi, ɗan talaka ya saura a ƙasa, aji ya cika maƙil. Hanya ta bambanta, ɓarnar ɗaya ce. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Saboda haka nake roƙon wannan jam'iyya abu uku. Kowane malami ya taka da ƙafarsa zuwa makarantar unguwarsu, ya ga halin da take ciki. Mawadata su yi wa makarantu waƙafi kamar yadda suke yi wa masallatai. Mu kuma taru mu nemi masu mulki su raba kuɗin ilmi gwargwadon bukatar yara, ba gwargwadon arzikin unguwa ba. Ku almajirai, wanda Allah ya ba karatu a cikinku ya koma ya karantar inda ya fito.

Allah ya shirya mana zuriya, ya sa mu ji mu yi aiki da shi. Wassalamu alaikum wa rahmatullah. Tamat.