SAYEN TAYAR HANNU

 Yau maganarmu a kan tayar mota ce. Watakila wani ya ce, "Ni da ko jaki ba ni da shi, me ya gama ni da taya?" To, ku saurara. Wane ne a cikinmu ba ya shiga mota ran kasuwa? Wane ne ba shi da ɗa ko ƙane direba, ko yaron mota? A wasu ƙauyuka ma mutane su kan haɗa kuɗi su sayi motar da za ta kai amfanin gona birni, ta kai mai naƙuda asibiti. Duk wanda ya shiga mota ya ɗora ransa bisa tayoyi huɗu, kowace kuwa abin da ke taɓa ƙasa a jikinta kamar faɗin tafin hannu ne.

A da ana yin taya a Nijeriya. Kamfanin Michelin yana da ma'aikata a Fatakwal, na Dunlop yana da tasa a Ikko. Na farko ya rufe a 2007, na biyu ya bi shi a 2008. Sabuwar taya tana da tsada, shi ya sa mutane da yawa su ke sayen ta hannu, watau wadda wani ya yi aiki da ita a wata ƙasa ya cire. Gwamnati ta sa irin wannan taya cikin kayan da ta hana shigowa da su, amma ba ta ɓace daga kasuwa ba. Shawararmu ta fari ita ce, in da hali a sayi sabuwa, domin araha ba ta ado. In kuwa tilas ta sa sai ta hannu, to, kada a yi cinikin biri a sama.

Wata rana da bazara muna cikin motar haya, sai tayar baya ta fashe. Motar ta yi ta tangaɗi, da ƙyar direba ya tsai da ita a bakin gona. Ya rantse bai fi sati biyu da sayen tayar ba, ga zanenta raɗau. Da muka duƙa muka karanta rubutun da ke jikinta, ashe shekararta 13 da ƙerawa. Tayar ba ta ɓoye masa kome ba, shi ne bai karanta ba.

Ga abubuwa huɗu da za ku duba.

Na ɗaya, shekarunta. A gefen taya ku nemi haruffa uku, D da O da T. Ku bi layin har ƙarshe, za ku ga lambobi huɗu. Biyun farko su ne satin da aka yi ta, biyun ƙarshe su ne shekarar. Misali, in kun ga 2319, an yi ta a sati na 23 na shekarar 2019, watau farkon watan Yuni. In ba ku gani a gefe ɗaya ba, ku juya ɗayan. In lambobin uku ne kawai, an yi ta tun kafin shekarar 2000, kada ko ku taya. In an kankare wurin, ku yi gaba, domin mai gaskiya ba ya goge shaida.

Me ya sa mu ke damuwa da shekaru? Roba tana bushewa ko ba a yi aiki da ita ba, kamar gugan da aka bari a rana. A cikin taya akwai waya da zare, roba ce ta riƙe su. In ta bushe, aka gamu da zafin kwalta da nauyin kaya, sai su rabu, taya ta fashe. Manyan kamfanonin taya sun ce in ta kai shekara 10 a cire ta, kome kyanta. Ma'aikatan kiyaye haɗurra na Nijeriya sun fi haka tsanantawa, sun sha gargaɗin direbobi kada su wuce shekara 4 daga ranar ƙira.

Na biyu, zanenta. Ramukan nan ba ado ba ne, su ke kore ruwa daga ƙarƙashin taya da damina. Suɗaɗɗiyar taya santsi ta ke yi, birki ba ya kama ta. A cikin ramukan akwai 'yan tuddai masu tsawon milimita 1.6. In zane ya cinye har ya yi daidai da su, aikin tayar ya ƙare. Ku kuma sa tsinken ashana a cikin ramin, kansa a ƙasa. In kan bai nutse ba, ku bar musu kayansu. Ku yi hankali, domin akwai masu yanka wa suɗaɗɗiyar taya sabon zane da wuƙa mai zafi, su shafa mata baƙi ta yi ƙyalli. Kyan ɗan maciji ke nan. In kun lura, za ku ga yankan ba daidai ba ne, wani lokaci har waya ta leƙo.

Na uku, gefenta da cikinta. Ku danna gefen da hannu. In kun ga 'yan tsage-tsage kamar faso, robar ta bushe. In akwai kumburi, zaren ciki ya tsinke, kuma ba mai facin da zai iya gyara wannan. Kada ku sayi taya tana kan wili. A cire ta, ku fito da ita haske, ku shafa cikinta. Faci ɗaya a tsakiyar zane, in an yi shi da kyau, da sauƙi. Faci a gefe kuwa, a'a.

Na huɗu, girmanta da irinta. Za ku ga rubutu kamar 195/65 R15. Lambar farko faɗinta ne a milimita, ta ƙarshe girman wili ne a inci. Ku rubuta na motarku a takarda, ku tafi da ita kasuwa. In kun ga zanen dutse mai kai uku da wani abu kamar tauraro a cikinsa, tayar ƙasashen ƙanƙara ce. Robarta mai taushi ce, zafin ƙasarmu yana cinye ta da wuri.

Bayan an saya, a sa biyun da suka fi kyau a baya, domin in na baya suka yi santsi mota juyawa ta ke yi, ta gagari direba. A auna iska da safe kafin a tashi, a kuma rage lodi.

Mutane su kan ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Amma su ɗin dai su ne suka ce rigakafi ya fi magani. Ga aikin da muka ba ku. Ran kasuwa mai zuwa, kowa ya je tasha, ya gai da direba, ya nemi izini, ya kwafi lambobi huɗun nan daga taya ɗaya. Ku kawo aji, mu lissafa shekarunta tare a bisa allo. Wanda ya ga tsohuwa, ya gaya wa direban cikin ladabi, domin shi ma yana da iyali da ke jiransa a gida.

Mu kwana nan. A sauka lafiya.