Tukunyar Takiyya da Marasa Lafiyar Sudan

 

Ya shehunanmu, muƙaddamai da 'yan'uwa muridai, an yi mini izini in tunatar da mu halin da marasa lafiya suka shiga a Sudan, ƙasar da kakanninmu suka ratsa da ƙafa zuwa Makka, wasu suka zauna, kamar jama'ar Mai Wurno a gaɓar kogin Nilu.

Yaƙi ya ɓarke a Khartum ranar 15 ga Afrilu, 2023, tsakanin sojojin gwamnati da rundunar RSF, ya raba fiye da mutum miliyan 10 da muhallansu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce asibiti bakwai cikin goma a wuraren faɗan sun daina aiki. A watan Agusta na 2024 aka bayyana annobar kwalara, a watan kuma aka tabbatar da yunwa a sansanin Zamzam, kusa da Al-Fashir. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta daure a can har Fabrairun 2025, sannan ta dakatar da aiki saboda wuta ta yi yawa.

To, wa ya tallafi jama'a a unguwannin da motar agaji ba ta isa? Matasa ne suka kafa ɗakunan agajin gaggawa, suna ɗauko mara lafiya, suna nemo magani, mata suka ɗora manyan tukwane. Sunan da suka ba wa wurin girkin shi ne takiyya, wato sunan da aka gada daga zawiyoyin sufaye, inda ake ciyar da baƙo ba a tambayi garinsu ba. Ranar da na ji haka, wallahi kunya ta kama ni, domin mu nan sau da yawa sai ranar taro muke hura wuta.

Kada a raina wannan tukunya. Likita ba ya iya wa yaron da yunwa ta cinye sai da abinci, mai kwalara kuwa rashin ruwa a jiki ke kashe shi. Lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri kan riƙe ransa, da izinin Allah, har a kai shi asibiti.

Ina roƙon muƙaddamai, kowace zawiya ta ware wani abu daga hadiyyar bana, a miƙa ta hannun amintattu, ko ga waɗanda suka tsallaka zuwa Adre a Chadi. Allah Ya kashe wutar fitinar, Ya ba marasa lafiya sauƙi, albarkar Annabi, sallallahu alaihi wa sallam.