Mai kunne guda: yana ji, amma bai san inda magana ta fito ba

Jawabin yau bisa kan kunne ne.

A ƙauyuka da yawa akwai yaron da ake kira, sai ya waiwaya hagu, alhali mai kiran yana dama. Akwai wanda ake yi ma magana cikin kasuwa, ya yi shiru. Sai a ce kunnen ƙashi gare shi, har a buge shi. Sau da yawa ba rashin biyayya ba ne. Kunnensa guda ne ya mutu, kuma babu wanda ya lura.

Kunne ƙofa ce kawai. Ƙwaƙwalwa ce take aikin ji. In saniya ta yi kuka daga dama, kukan yana fara isa kunnen dama, sannan ya isa na hagu. Tsakaninsu bai kai kashi 1 cikin 1000 na sakan ba. Kuma kukan ya fi ƙarfi a kunnen dama, don kai ya tare ma na hagu. Can ƙasan ƙwaƙwalwa, wajen ƙeya, akwai wurin da jijiyoyin kunnuwa biyu suke haɗuwa. Nan ake gwada saƙon dama da na hagu: wane ya riga zuwa, wane ya fi ƙarfi. Da haka makiyayi yake sanin inda saniyarsa take, ko cikin dare.

To, in kunne guda ya mutu, saƙo guda ne yake zuwa. Babu abin da za a gwada shi da shi. Mutum yana jin kukan sarai, amma bai san ta ina ya fito ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai ƙetare hanyar mota, ko yaron da babur ya taho ma daga baya.

Wahala ta biyu ita ce hayaniya. Mai kunne biyu, ƙwaƙwalwarsa tana ware muryar abokinsa daga surutun kasuwa, don ta san muryar tana nan, surutun yana can. Ga mai kunne guda, duka sun zuba wuri ɗaya, kamar gero da tsakuwa cikin ƙwarya. In kuma mai magana yana gefen mataccen kunne, kai yana tare siraran sauti, irin su "s" da "sh" da "ts". Kauraran sauti, kamar na ganga, su suna zagaye kai su wuce. Shi ya sa yake jin ana magana, amma kalmomi ba su fita. Sai ya riƙa cika gurbi da tunani. Kafin marece ya gaji tilis, ko da bai ɗauki kaya ba.

Amma ƙwaƙwalwa ba ta zama haka nan. A wurin mai kunne biyu, kowane kunne yana aika mafi yawan saƙonsa zuwa ɗaya ɓangaren: na dama zuwa hagu, na hagu zuwa dama. Masu bincike sun ga cewa in kunne guda ya daɗe da mutuwa, ɓangarorin biyu suna komawa su yi ma mai lafiyar aiki. Mutum kuma yana koyon dabara: yana juya kai, yana kallon bakin mai magana. Wannan yana rage wahala. Bai maida abin da aka rasa ba.

Me yake kashe kunne guda? Wasu da haka aka haife su. Wasu hangum ne, ciwon nan mai kumbura kumatu. Wasu mugunya ce da ta daɗe tana zuba, ko mari mai ƙarfi, ko faɗuwa. Sai sanƙarau, wanda Nijar ta sani ƙwarai. A 2015 ya kama mutum fiye da 8000 a ƙasar nan. Cikin waɗanda suke warkewa daga sanƙarau akwai masu tashi da kurunta, a kunne guda ko duka biyu. Yaron da ya tashi daga wannan ciwo, a sa likita ya duba jinsa. Ranar allurar rigakafi kuma kada a ɓoye yara.

Wanda ya wayi gari kunnensa guda ya toshe farat ɗaya, kada ya jira kasuwa ta zagayo. Ya tafi gidan likita cikin kwanakin farko, don maganin ya fi aiki kafin sati 2 su wuce.

Kunnen da ya rage kuwa, shi ne jari. Kada a sa masa tsinke, ko gashin kaza, ko ruwan ganye. Kada mai shi ya wuni bakin injin niƙa. Iyaye su gaya ma malamin lakwal, ya zaunar da yaro gaba, kunne mai lafiya wajen malam. Haka ma a makarantar yaƙi da jahilci. Mai son yi masa magana ya zagayo ta gefen mai lafiya, ya bari ya ga fuskarsa. Ba sai an yi ihu ba. A kan hanya kuma, babba ya riƙe hannunsa, ya koya masa duban dama da hagu kafin ya ƙetare.